Ɗigon ruwa a kan ganyen kontomire

Jiya a Aboabo zan wanke kontomire, wato ganyen mankani (gwaza), sai ƙanwata da ke karatun kimiyya a jami'ar KNUST ta Kumasi ta ce, "Yaya, dakata, ɗiga masa ruwa tukuna." Ruwan ya dunƙule kamar dutsen ado, ya gangara ya kwashe ƙurar da ke kai, ganyen ko laima bai yi ba.

Ashe saman ganyen cike yake da ƙananan tudu da ido ba ya gani, ga wani kaki ya lulluɓe su, ƙwayoyinsa sai da nanomita ake auna su, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Iska tana maƙalewa a tsakani, ɗigon sai ya zauna kusan a kan iska, ya rasa inda zai kama. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Wilhelm Barthlott, shi da abokin aikinsa suka bayyana wannan a ganyen lotas, wani tsiron ruwa mai kama da bado, a 1997, daga nan har aka ƙera fentin bango mai wanke kansa da ruwan sama.

Ni dai hankalina ya tafi kan faifan sola na maƙwabtanmu, yadda ƙurar hunturu ke toshe su wuta ta ragu; ina ma a ce su ma suna wanke kansu haka. Wallahi ina so yaran Zango su shiga wannan bincike, kuma na faɗa wa ƙanwata kada ta bar shi.