Talata a ɗakin gwaji, Thuwal, Saudiyya

Tun bayan Asuba nake ɗakin gwaji, ban fito ba sai La'asar. Gara haka, don iskar Bahar Maliya a watan nan gumi kawai take sa mutum.

Aikin yau jera ƙwayoyin roba ne a kan gilashin da aka dasa wa ɗigo-ɗigon kobalt, ƙarfe mai amsa mayen ƙarfe, sahu-sahu. Ido ba ya ganin ƙwayoyin, hantsaki ba ya kama su, kuma roba ba ruwanta da mayen ƙarfe. Dabarar tana cikin baƙin ruwan da na zuba su a ciki. Cike yake da ƙurar magnetait, wani ma'adinin ƙarfe da mayen ƙarfe ke ja, kowace ƙwaya wajen nanomita 10, alhali kaurin gashin kai yakan kai nanomita 80,000. Idan abu ya ƙanƙance haka, da ka kawo mayen ƙarfe zai amsa, da ka ɗauke ya saki, shi ya sa ƙurar ba ta dunƙulewa.

Na kunna naɗaɗɗiyar wayar lantarki mai samar da maganaɗisu, na sa ido a maikiroskof. Ruwan baƙi ne wuluk, sai dai robar an rina ta da launi mai ƙyalli, tana walƙiya kore shar. Ƙurar ta ruga inda ja ya fi ƙarfi, ta ture robar zuwa inda ya yi rauni. Kamar mai ɗawafi ranar cunkoso, ƙafarsa ba ta yi niyya ba amma jama'a sun kai shi. Da na fara juya filin maganaɗisun a hankali, sai ƙwayoyin robar suka riƙa tsallakawa daga ɗigo zuwa ɗigo, duk gefe guda. Na ƙara sauri, suka kasa bi, suka tsaya suna karkarwa. Wannan iyakar nake nema, na rubuta ta.

Bayan Magariba Kawu ya kira daga Jidda.

"Ɗana, har yanzu wasan ƙarfen ne?"

Na ce, "Kawu, gwajin korona da aka yi muku, da irin ƙurar nan ake tsamo sinadarin gadon ƙwayar cutar a ɗakunan gwaji da yawa. Baƙin ruwan ma Steve Papell na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ne ya ƙirƙiro shi a 1963, yana neman hanyar jan man roka a sararin samaniya."

Ya ce to madalla, amma Juma'a kada in zo masa da baƙin tabo a jallabiya, Inna ta gaji da wanki.