Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Godiyar Me?"

A makon jiya na tsaya ne a inda aka hana haya da babur a Kano, a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, Allah ya jiƙansa. Na yi wata biyu babu aiki, kafin wani maƙwabcinmu ya tsaya mini aka ba ni Adaidaita Sahu, kullum in kai balas.

Keken nan ya gwada haƙurina. Mai babur yakan ratsa lungu ya wuce abinsa, amma mai keke sai ya maƙale a cunkoson Bata ko bakin Kantin Kwari, rana na dukansa, mai na ƙonewa, ga rigimar canji. Kowa ya ce mini "Yaya aiki?" sai in ce "Da godiya," amma a fatar baki kawai. Da na shigo gida ƙannena suke watsewa, don sun san fuskar da nake dawowa da ita.

Wata Laraba taya ta yi faci sau biyu, wani fasinja kuma ya sauka a Sabon Gari ya shige kasuwa da kuɗina. Na dawo bayan isha'i ko sallama ban yi da kyau ba. Kakata tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu. Ta dube ni ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane sai ɗaure fuska? Ka ci gaba, gobe zan nemi takardata in auri ƙaninka, shi ko ba komai yana da haƙora."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Ta bari sai da na zauna, sannan ta ce, "Ɗazu na ji ka ce wa mutane a zaure da godiya. Godiyar me? Faɗa mini."

Na yi shiru. Ta ce, "Ina tayar ta yi facin?" Na ce gab da rumfar mai faci. Ta ja ƙwayar carbi ɗaya. "Ka buge wani?" A'a. Ta ja wata. "Balas ya cika?" Ya cika da ƙyar. "Da ƙyar ɗin ma cika ne." Haka ta yi ta ja har na ji kunya ta kama ni, sannan ta karanto ayar nan ta bakwai a Suratu Ibrahim, inda Allah ya yi alkawarin ƙari ga wanda ya gode. Daga ranar, ba na cin tuwon dare sai mun yi wannan lissafi, ita da tsokana, ni da amsa.

Bayan kwana kaɗan na ga amfaninsa a kan titi. Wani dattijo ya miƙo mini naira 1,000 a kan tafiyar naira 50, da sassafe, ko sisi ban yi ba. Har na buɗe baki sai na ji harshensa na Barebari ne, mu kuwa Fulani ne. Na ce, "Baba, ashe bawana na ɗauko? Ai bawa ba ya biyan ubangidansa." Ya kyalkyale ya ce, "Yaro, yaushe Bafulatani ya bar shanu ya hau keke?" Muka tsaya wurin mai shayi, ya sha na 100, aka ba mu canji, ya ƙara mini 50.

Da dare na ba Kaka labari, ta yi dariya har da hawaye, ta ja ƙwaya biyu lokaci guda.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin rashin lafiyarta da daren da carbin ya dawo hannuna.