Allon bakin titi da shafin jingina

Shekara huɗu na yi ina riƙe takardun kwangila a wani kamfanin gina hanyoyi a nan Accra. Farkon zuwana, allon da ake kafawa a bakin aiki kawai nake dubawa, in ga tutar wace ƙasa ce a kai. Maigidana, wani dattijo ɗan Nima, ya ce mini, "Yaro, allo na fasinjan trotro ne. Kai buɗe shafin jingina." Wato shafin takardar bashi da ke nuna abin da aka jinginar.

Tun daga ranar nake yi wa garin nan wani irin kallo. Titin George Bush, daga Tetteh Quarshie zuwa Mallam, kyautar Amurka ce, an buɗe shi a 2012. Gadar Circle bashin Brazil ce, mahaɗar Tema kuɗin Japan, layin dogo zuwa Mpakadan kuma bashin Indiya. Kowa ya kafa turkensa.

Amma madatsar Bui ce ta fi koya mini karatu. Zamanin Nkrumah, Amurka da Ingila da Bankin Duniya suka zuba kuɗi a madatsar Akosombo, kamfanin Kaiser ya samu wuta mai araha ta narka alminiyom a Tema. Tarayyar Sobiyet kuwa ta nufi Bui. Juyin mulkin 1966 ya kwantar da maganar, har sai da kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin ya kammala ta a 2013, megawat 400. Da me aka tsaya wa bashin? Da koko. Kokon gona fa, ba wanda muke sha da ƙosai ba. Ashe ba kyauta ce ko rance kaɗai abin tambaya ba, har da abin da mai kuɗin zai ɗauka ya tafi da shi.

A Disamba 2022 gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje. Aikinmu ya tsaya cak. Da hannuna na rubuta sunayen leburorin da aka sallama, wasu 'yan layinmu ne, muna haɗuwa a masallaci. Manyan da muke jin suna takara kuwa teburi ɗaya suka zauna kan bashinmu, Sin da Faransa ke jan ragamar zaman.

Na koma wurin aikin bayan damina. Ciyawa ta tsiro tsakanin rodi, Hajiya mai waakye ta kwashe tukunyarta ta koma bakin tasha. Allon yana nan tsaye, fentinsa bai ko dushe ba.