Takardar da Aka Bari a Cikin Fayil

Lokacin da na fara karatun shari'a, na ɗauka cewa duk wanda aka ɗaure bisa kisan da bai aikata ba, to shaidun zur ne suka kai shi. Sai da aka ba mu aikin nazarin shari'ar Michael Morton a darasin dokar shaida na gane cewa ana iya salwantar da rayuwar mutum da takarda ɗaya da aka ƙi fito da ita daga fayil.

An kashe Christine, matar Morton, a gidansu da ke jihar Texas ta Amurka a 1986, kuma a 1987 aka yanke wa mijin ɗaurin rai-da-rai. Alhali a hannun masu bincike akwai bayanin surukarsa, wadda ta ce ɗan ma'auratan mai shekara uku ya gaya mata cewa wani dodo ne ya doki mahaifiyarsa, kuma babansa ba ya gida a lokacin. Akwai kuma rahoton maƙwabta da suka ga wani mutum yana ajiye koriyar mota a bayan gidan. Lauyoyin Morton ba su sa waɗannan takardu a ido ba. Sai a 2011, bayan gwajin DNA a kan wani ƙyalle mai jini da aka tsinta kusa da gidan ya nuna wani mutum dabam, Mark Norwood, aka sake shi, ya shafe kusan shekara 25 a kurkuku. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, daga baya an samu Norwood da laifin kashe wata mata a 1988, wato a lokacin da hukuma take ganin ta riga ta kulle mai laifi.

Mai gabatar da ƙarar, Ken Anderson, ya riga ya zama alƙali sa'ad da asiri ya tonu. A 2013 aka hukunta shi kan raina kotu: ɗaurin kwana 10, tarar dala 500 da rasa lasisinsa na lauya. Kwana biyar ya yi ya fito. Duk da haka ana kawo shari'arsa a matsayin abin misali, domin ba kasafai ake kai mai gabatar da ƙara gidan yari kan irin wannan laifi ba.

Da na bi diddigin dalili, sai na tarar dokar ce da kanta ta shimfiɗa hanyar. Tun 1963, a shari'ar Brady, Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta wa masu gabatar da ƙara su miƙa hujjar da za ta amfani wanda ake tuhuma. Amma a 1976, a shari'ar Imbler, ta ba su cikakkiyar rigar kariya daga ƙarar neman diyya kan abin da suka yi wajen gudanar da shari'a. Ban raina hujjar kotun ba, domin lauyan gwamnati da ke tsoron kowane wanda aka wanke zai maka shi a kotu ba zai iya tunkarar masu ƙarfi ba. Sai dai John Thompson, wanda ya yi shekara 18 a tsare, 14 daga ciki yana jiran hauni, bayan an ɓoye sakamakon gwajin jini, ya maka ofishin masu gabatar da ƙara ne a kotu. An yanke a ba shi diyyar dala miliyan 14, amma a 2011 Kotun Ƙoli ta soke ta da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ɗigo bai taɓa shi ba.

A ganina, babban rauni yana wurin da aka bar wa mai gabatar da ƙara ya auna wace hujja ce ke da muhimmanci. Mutumin da ya riga ya gamsu cewa ya kama mai kisa zai karanta maganar yaro ɗan shekara uku ya ce shirme ne, ba lallai da mugun nufi ba. Shi ya sa dokar da Texas ta yi a 2013, mai ɗauke da sunan Morton, ta fi burge ni a kan ɗaurin Anderson, domin ta tilasta buɗe fayil ga lauyan wanda ake tuhuma.

Wannan nazari ya sauya yadda nake karanta fayil tun da na fara aiki. Kafin in duba tuhuma, nakan fara da jerin mutanen da aka ɗauki bayanansu, in gwada da takardun da aka ba mu. Akwai ranar da na ƙirga sunaye tara, bayanai bakwai. Na rubuta wasiƙa na nemi sauran biyun, aka ce ba su da amfani ga shari'ar, na amsa cewa a turo su, ni zan duba.