Kwana Biyu a Filayen Ciyawar Gimesh

A ƙarshen watan Yuni na hau jirgin ƙasa daga Brasov zuwa kwarin Gimesh, a duwatsun Karfatiya na ƙasar Romaniya, inda har yanzu ake yankan ciyawar dabbobi da dogon lauje irin wanda ake riƙewa a tsaye da hannu biyu. Dattijon da ya sauke ni, mai shanu huɗu, shi ya kai ni gangaren da ya gada daga mahaifinsa.

Daga nesa filin kore ne kawai, amma da na tsuguna sai na ga a wurin da bai fi faɗin tabarma ba furanni sun cakuɗe, ja da fari da shuɗi da ruwan ɗorawa, har na daina ƙirga. Ba abin mamaki ba ne, domin a wani fili irin wannan kusa da birnin Kuluj na Romaniya masana sun taɓa ƙirga nau'in tsiro 98 a murabba'in mita 10. Wanda ya fi tsayar da ni shi ne wani tsiro mai fure da ake kira okid, mai siririn kara, da ƙananan furanni ruwan hoda jere kamar zangarniya, wanda ƙamshinsa ke ƙaruwa idan yamma ta yi. Irin da yake zubarwa kamar ƙura yake, ba ya tsirowa sai ya dace da wani naman gwari (dangin fumfuna) a cikin ƙasa, kuma yakan shekara da yawa kafin ya yi fure.

Na ce wa dattijon, "Baba, me ya sa ba ka zuba takin zamani ka sami ciyawa ninki biyu?" Ya amsa cewa taki yana ƙara wa manyan ciyayi tsawo su danne ƙanana, kuma shanunsa sun fi son wannan haɗin. Ba ya yanka sai Yuli ta shiga, bayan furanni sun zubar da iri, sannan ƙaiƙayin da ke taruwa a ƙasan rumbun ciyawa da hunturu yakan kwashe shi ya watsa inda fili ya yi sanƙo.

Abin da ya dame ni shi ne gangaren maƙwabcinsa, wanda 'ya'yansa suka tafi ci-rani Jamus. Shekaru kaɗan da ajiye lauje, ƙananan itatuwa sun mamaye shi, kuma duk da na zaga shi sau biyu, okid ɗaya tak na gani, a bakin iyaka.