Godiya a madadin Abbanmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillah an yi taron karrama Abbanmu da lambar yabo ta ma'aikatan gwamnati an watse lafiya, baƙin ƙarshe sun tafi ɗazu bayan isha'i, yanzu haka ina zaune a tsakar gida ƙafafuna sun kumbura ga tulin kwanuka ko taɓa su ba a yi ba, amma Abba ya ce kar in kwanta sai na rubuta godiyar nan tunda kun san shi ba ya Facebook, wayar tasa ma mai tocila ce. Duk inda kuka ga na kauce gajiya ce, ku yi min uzuri.

Ba sai na maimaita abin da ya faru ba, yawancinku da ku aka yi. Wata bakwai ba albashi saboda lamba ɗaya tal, 1968 da ke fayil ɗinsa a matsayin shekarar haihuwa aka shigar masa 1963 a BVN, wato lambar shaida ta banki, masu tantance ma'aikata suka buga lissafi suka ce ai ya cika 60 tun 2023 yana zaune yana cin albashin da ba nasa ba. Ƙa'ida dai shekara 35 a aiki ko 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa, shi kuwa a 1993 ya kama aiki, ta ko'ina aka lissafa sai 2028. Mutumin da ya yi shekara 32 a rajista yana tsare wa mutane fayil, wai shi ne nasa bai daidaita ba. To wannan ya wuce, an gyara.

Abin da ba ku sani ba shi ne daren da takardar karramawar ta zo, kuma shi ne har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Lokacin wata ɗaya kenan da dawo da albashi, ana ta raɗe-raɗin cewa waɗanda aka tuhuma za a sa su mayar da kuɗin shekara biyu. Bayan magariba sai ga sallamar Baba Masinja, mai kai takardu na ofishinsu Abba, da kekensa, da ambulan ruwan ƙasa mai hatimin gwamnati, an ce masa ya kai hannu da hannu a ranar. Shi ba ya karatun boko, bai san me ya ɗauko ba, daga baya yake gaya mana tun la'asar sakaliya ya shigo unguwar ya kasa ƙarasowa, sai da ya tsaya masallacin bakin layi ya yi magariba yana ta juya ambulan ɗin. Abba ya karɓa ya kalli hatimin, bai ce komai ba ya zura a aljihu ya ce a bari sai an yi isha'i. Umma tana tuƙa tuwo ta saki muciya ta zauna a ƙasa. Na leƙa zaure na ce Baba Masinja ya tafi dare na yi, ya ce a'a 'yata, ni na kawo ta, in ma sharri ne a gabana za a buɗe mu raba da Malam. Haka suka zauna a dakali su biyu, ba mai magana, kusan awa guda, ina jin ƙarar carbin Abba daga cikin gida.

Bayan isha'i Abba ya miƙo min ya ce karanta, idona ba ya gani, alhali tabarau na fuskarsa. Ina buɗewa layin farko na ga taya murna ce, an zaɓe shi cikin ma'aikatan da za a ba lambar yabo, sai kawai na fashe da kuka na kasa magana. Baba Masinja da ya ga haka ya dafe kai ya fara Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Umma ta fito ba ko mayafi. Da ƙyar na iya cewa alheri ne. Wallahi har yau in an tuna ana dariya a gidan nan, amma a daren ba wanda ya yi.

Baba, na san ka hana a ambace ka, ka yi haƙuri yau ɗaya na saɓa. Duk ƙarshen wata cikin watannin nan bakwai sai ya zo da tiya biyu ta masara ɗaure a bayan keke ya ce daga gonarsa ta ƙauye ce. Sai kwanan nan matarsa ta yi suɓul da baka, ashe gonar an sayar da ita tun rasuwar mahaifinsu, a kasuwa yake aunowa. Mutumin da ke mataki na 3, albashinsa bai yi wani nisa da mafi ƙarancin nan na dubu 70 ba, ga yara. Yau da za a yi hoto Abba hannunsa ya kamo ya ce shi zai riƙe lambar. Allah Ya yi maka abin da ba ka zata ba Baba, Allah Ya raya maka zuri'a Ya sa su jiƙanka, Ya kai ka ɗakinSa, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

A ɗakin taro ni ban ma fahimci rabin jawaban ba, na dai ji mai gabatarwa yana cewa 23 ga Yuni ita ce ranar ma'aikatan gwamnati ta duniya shi ya sa aka sa bikin a makon. An karrama malaman asibiti, malamar firamare guda, direba, da wani mai shara da aka ce bai taɓa makara ba. Da aka zo kan Abba aka karanta yadda ya zaƙulo tsofaffin fayil na 'yan fansho da aka ce sun ɓata, kuma a cikin watannin da ba a biyansa ya yi wannan aikin, a ƙafa yake tafiya ofis don kuɗin adaidaita tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya fi ƙarfin aljihu. Wasu tsofaffi a baya suka miƙe suna kabbara. Nan ma na sake kuka.

Muna godiya ga Shugaban Ma'aikata da kwamitin da ya yi zaɓen, da Hajiya darakta da ta tsaya kai da fata ta rubuta takarda har sau uku kan maganarsa. Mai shayin bakin ƙofar sakatariya da ya buɗe wa Abba shafi a littafin bashi bai taɓa tambaya ba. Liman da jama'ar masallacinmu. Goggo da ta taso tun daga ƙauye da ciwon ƙafarta, da Kawu ƙarami da ya yi ta zirga-zirgar kotu da banki kan takardar rantsuwa. Maƙwabta da suka yi girki tun asuba. Da ku na nan da kuka dinga turo addu'a, wasunku ko saninku ban yi ba. 'Yan uwa na jini da muke gari ɗaya ba mu ga ƙeyarsu ba wata bakwai, wasu yau mun gan su a layin gaba wajen hoto, wasu ko yau ɗin ma uzuri ya hana, Abba ya ce kar in ce komai, to ban ce ba, mun gode.

Ya Allah duk wanda ya taimake mu da kuɗi ko hatsi ko kalma mai daɗi Ka taimake shi ranar da ba shi da kowa. Waɗanda har yanzu sunansu ke maƙale a tantancewa, Allah Ka warware musu, Ka ba iyalansu haƙuri, mun san me ake ji. Allah Ka jiƙan abokan aikin Abba da suka rasu suna jiran haƙƙinsu, Ka sa Abba ya kai 2028 lafiya ya karɓi nasa da hannunsa, Ka ƙara wa Umma lafiya. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Masu tambayar ariyas, wato albashin da aka riƙe, an biya na wata uku saura huɗu, muna jira. Waɗanda suka ba mu aron kuloli da kujeru, gobe da hantsi ƙanina zai kawo muku in sha Allah, akwai kula shuɗiya babba da ba mu san mai ita ba a yi min magana. Abba kam tuni ya yi barci, ya sa an goge masa kaftani wai gobe bakwai da rabi yana ofis.