Jinin kurciyoyin Bomo

A shekarata ta ƙarshe ta karatu a Samaru, Zariya, aka ba ni aikin duba ko kurciyoyin da ke bin gonakin masara wajen Bomo suna cin irin da aka gauraya da maganin ƙwari. Farkon damina ne, ana ta shuka, kuma duk wanda ya taɓa bin mai saran shuka ya san ba kowace ƙwaya ce ƙasa ke rufewa ba. Muka ɗana tarko, muka kama. Sai dai rashin ƙanƙarar adana jini ya sa na bar tsuntsayen cikin keji kwana 2, ina ba su gero, kafin na ɗebi jininsu. Sakamako ya fito fes, babu ko ɗigon magani. Na zauna na rubuta cewa ba sa cin irin.

Malamina ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Kai, yaushe ka kama su, yaushe ka ɗebi jinin?"

Na ce, "Malam, kwana biyu ne tsakani."

Ya ce, "To, ka je kasuwa bayan ta watse, ka dawo kana rantsuwa ba ta ci ba."

Ranar na gane cewa DDT, tsohon maganin ƙwarin nan, ce ta cika mini kai. Ita muka fi karantawa a aji: ba ta narkewa a ruwa, kitse take bi ta maƙale, jiki ya mai da ita wani sinadari mai suna DDE, ta yi ta taruwa daga ƙwaro zuwa ƙaramin tsuntsu har zuwa shaho, ɓawon ƙwai ya yi laushi ya fashe a ƙarƙashin uwa. Amurka ta hana amfani da ita a gona a 1972. Na ɗauka kowane magani haka yake jiran mai bincike.

Maganin iri irin su imidakulofirid ba haka yake ba. Yana narkewa a ruwa, hanji ya tsotse shi da sauri, cikin kamar awa guda ya kai ƙololuwa a jini. Daga nan hanta ta farfasa shi, ƙoda ta tace. Tsuntsu kuwa ba ya fitsari daban, farin nan da ake gani a kashinsa shi ne fitsarin, don haka komai tare yake fita. A gwajin da aka yi da tsuntsun salwa a Amurka, kafin kwana guda jinin ya kusa wankewa. Ashe shaidata tana ƙasan kejin, ni kuma kullum da safe ina share ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, saurin fitar bai wanke maganin daga laifi ba. A Kanada, binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da aka ba ɗan kaɗan sun rage cin abinci, sun rame cikin awoyi, sun jinkirta tafiyarsu da kwanaki. Kurciyar da jikinta ya mutu na rabin yini kuwa, shirwa ba ta jiran hantarta ta gama aiki. Ga shi gobe da safe gonar za ta koma, muddin ana shuka.

Malam bai karɓi abin da na rubuta ba. Kafin shuka ta ƙare na koma Bomo da sirinji da kula cike da ƙanƙara, ina ɗibar jini nan take a bakin gona, na kuma shimfiɗa leda ƙarƙashin kowane keji.